Ɗan Damben Jafan Da Ya Shekara 58 Yana Jiran A Wanke Shi

RAN Alhamis 26 ga watan Satumba na shekarar 2024, wata tsohuwa mai shekara 91 da haihuwa ta zauna a kotun lardin Shizuoka ta ƙasar Jafan tana sauraron Mai Shari'a Koshi Kunii yana karanta hukunci. Sunanta Hideko Hakamada, kuma ta zo ne a madadin ƙanenta Iwao, wanda kotu ta ɗauke wa zuwa saboda hankalinsa ya taɓu a gidan yari. Sa'ad da alƙalin ya furta cewa wanda ake tuhuma ba shi da laifi, shekara 58 ke nan da 'yan sanda suka kama shi, shekara 56 kuma da aka yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.

Asalin maganar ya faro ne da tsakar daren 30 ga watan Yuni 1966, a garin Shimizu, inda gobara ta tashi a gidan manajan wani kamfani mai yin miso. Shi dai miso wani kayan miya ne na Jafanawa da ake yi da waken soya da gishiri, a zuba a manyan tankuna a bar shi wata da watanni har ya nuna, kusan dai irin matsayin da daddawa take da shi a tukunyar Bahaushe. Da aka kashe wutar sai aka tarar da gawar manajan da ta matarsa da ta 'ya'yansu biyu, duk an sossoke su da wuƙa kafin a cinna wa gidan wuta.

Iwao Hakamada, wanda a lokacin yake da shekara 30, ma'aikacin kamfanin ne, yana kuma kwana a ɗakin ma'aikata. Kafin nan ya yi sana'ar damben zamani har ya kai na shida a ajinsa a duk ƙasar. A wancan zamani mutane da yawa a Jafan suna yi wa 'yan dambe kallon marasa tarbiyya, kuma magoya bayansa sun daɗe suna cewa wannan ne ya sa idon 'yan sanda ya faɗa kansa tun da fari. Aka kama shi ran 18 ga Agusta.

Dokar ƙasar ta ba da izinin a tsare mutum har kwana 23 kafin a gurfanar da shi, kuma ba a barin lauya ya zauna a wurin da ake yi masa tambayoyi. 'Yan sanda suka yi ta karɓa-karɓa a kansa, wajen awa 12 kowace rana, wata rana ma har fiye da awa 16, cikin zafin bazara. Ko bayan gida ba a bari ya fita, sai aka kawo masa fo cikin ɗakin. Sau uku kacal lauyoyinsa suka gan shi, kowane na 'yan mintoci. A rana ta 20 ya amsa laifi. Amma da aka fara shari'a cikin watan Nuwamba sai ya janye maganarsa, ya ce dukansa aka yi da barazana har ya sa hannu, kuma daga ranar bai sake amsa laifin ba.

TUFAFI BIYAR A CIKIN TANKI

Da farko lauyoyin gwamnati sun shaida wa kotu cewa da kayan barci a jikinsa Hakamada ya yi kisan, suka kuma gabatar da kayan, waɗanda aka ce akwai ɗan ɗigon jini da mai a jikinsu. Mutumin da ya kashe mutum huɗu da wuƙa, a ce ɗigon da ido ba ya ko gani sosai ne kaɗai ya taɓa rigarsa, magana ce mai wuyar shiga kunne, kuma shari'ar gwamnati ta fara tangal-tangal.

Ana cikin haka, ran 31 ga Agusta 1967, watau wata 14 bayan kisan, sai aka ce wani ma'aikaci ya tsinci buhu a ƙasan wani tankin miso na kamfanin. A ciki akwai tufafi guda biyar jina-jina, har da wando da singileti. Bayan kwana 12 'yan sanda suka je gidan iyayen Hakamada, suka ce sun samo wani ƙyallen yadi wanda ya dace da na wandon. Nan take lauyoyin gwamnati suka sauya labari, suka ce a cikin waɗannan tufafi ya yi kisan, sa'an nan ya ɓoye su a tanki ya sa kayan barci.

Alƙalai uku ne suka saurari ƙarar. Takardun amsa laifi 45 aka kawo musu, suka yi watsi da 44 bisa cewa ba a bi ƙa'ida wajen samunsu ba, amma suka karɓi ɗaya. Ran 11 ga Satumba 1968 suka yanke masa hukuncin kisa.

Abin da jama'a ba su sani ba sai bayan shekara kusan 40 shi ne, ƙaramin alƙalin cikinsu, Norimichi Kumamoto, ya gamsu cewa mutumin nan ba shi da laifi. Ya yi ƙoƙarin shawo kan abokan aikinsa biyu ya kasa, kuma shi ɗin aka ɗora wa rubuta hukuncin. Bayan 'yan watanni ya ajiye aikin alƙalanci. Doka ta hana alƙali bayyana abin da aka tattauna a asirce, don haka ya yi shiru da abin yana cinsa a rai, sai a shekarar 2007 ya fito fili ya faɗa wa duniya. A cikin 2018, yana kwance a asibiti magana ma da ƙyar, aka kai masa Hakamada suka ga juna. Ya rasu a 2020, bai ga ranar da aka wanke mutumin da ya rubuta wa hukuncin kisa ba.

Da aka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Tokiyo, aka ba Hakamada wandon ya gwada a gaban shaidu, wando ya ƙi wuce cinyoyinsa. Lauyoyin gwamnati suka ce ai zaman da ya yi cikin miso ne ya sa ya tsuke, shi kuma fursunan ya yi ƙiba. Suka nuna harafin B da ke jikin wandon suka ce alamar girmansa ce, watau asalinsa babba ne. Kotu ta yarda da su a 1976, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen 1980.

A Jafan, wanda aka tabbatar wa hukuncin kisa ana ajiye shi shi kaɗai a ɗaki, kuma ba a gaya masa ranar da za a rataye shi sai da safiyar ranar. Kowace safiya, in ya ji takun gandirobobi, bai san ko a ƙofarsa za su tsaya ba. Haka Hakamada ya kwana ya tashi fiye da shekara 33. Wasiƙun da yake rubuto wa gida, waɗanda da farko suke cike da hujjoji da rantsuwar cewa bai yi ba, sannu a hankali suka koma maganganun da ba kai ba gindi. Daga bisani ya ma daina fitowa ganin 'yar'uwarsa. Ita kuwa Hideko ba ta fasa shiga jirgin ƙasa zuwa Tokiyo ba, ko da ta san za a ce mata ya ƙi fitowa. Mahaifiyarsu ta rasu jim kaɗan bayan hukuncin farko, ita ce ta ɗauki nauyin daga nan.

ƘOFAR DA BA TA BUƊUWA DA SAUƘI

A 1981 lauyoyi, tare da goyon bayan ƙungiyar lauyoyi ta ƙasar, suka nemi a sake shari'ar. Akwai dalilin sa rai a lokacin, domin a 1975 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ko a wajen neman sake shari'a, in akwai shakka to wanda ake tuhuma ne zai ci moriyarta. Albarkacin wannan, a tsakanin 1983 da 1989 an wanke mutum huɗu da ke jiran rataya, na farkonsu Sakae Menda wanda ya yi shekara 34 a tsare. Amma takardar Hakamada sai da ta shekara 13 a kotun lardi kafin a ƙi ta a 1994, ta kuma ci gaba da jan ƙafa har Kotun Ƙoli ta rufe ta a watan Maris 2008. Shekara 27 ke nan a kan buƙata ɗaya.

Wata ɗaya bayan haka Hideko ta shigar da ta biyu. 'Yan damben ƙasar su ma suka tashi tsaye, suna shirya taro suna tara kuɗi, har Rubin Carter, ɗan damben Amurka da shi ma aka ɗaure kan wani kisa na shekarar 1966 kotu ta sake shi a 1985, ya aiko da saƙon goyon baya.

Babban cikas shi ne, dokar sake shari'a a wancan lokaci ba ta tilasta wa lauyoyin gwamnati su nuna hujjojin da ke hannunsu waɗanda ba su gabatar a kotu ba. Sai da alƙalai suka matsa, daga 2010, aka fara fito da su, har suka kai wajen 600. A cikinsu aka ga bayanin kamfanin da ya ɗinka wandon, cewa harafin B alamar launi ce, ba ta da alaƙa da girma. Wannan takarda tana cikin ma'ajiyar gwamnati duk tsawon shekarun da ake gaya wa kotu akasin haka. Aka kuma ga hotuna masu launi na tufafin lokacin da aka tsamo su, jinin da ke jiki yana nan da jansa.

A nan ne magoya bayan Hakamada suka yi wani abu mai sauƙi wanda ba wanda ya yi tunanin yi a da. Suka shafa wa tufafi jini, suka tsoma cikin miso, suka jira. Abin da suka gani shi ne, jinin da ya daɗe a ciki baƙi yake komawa, jan ya ɓace gaba ɗaya. Ashe ke nan tufafin nan ba su yi wata 14 a tanki ba. An sa su ne gab da lokacin da aka “tsince” su, alhali kuwa Hakamada ya fi shekara guda a kulle. Gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA, wanda masanin da lauyoyinsa suka kawo ya yi, shi ma ya nuna jinin da ke kafaɗar singiletin ba nasa ba ne.

Ran 27 ga Maris 2014 Mai Shari'a Hiroaki Murayama ya ba da umurnin a sake shari'a, ya kuma sa a saki fursunan a ranar, bisa cewa akwai zargin ƙirƙiro hujjojin aka yi, kuma ci gaba da tsare shi zalunci ne da ba za a iya jurewa ba. Hakamada ya fito yana da shekara 78, bayan shekara 47 da wata 7 a tsare. Ya koma wurin yayarsa a Hamamatsu, inda ya riƙa kai da kawowa cikin gida awa da awanni kamar yadda ya saba a ɗakin kurkuku, in an yi masa magana ya amsa daga wata duniya tasa.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma lauyoyin gwamnati suka ɗaukaka ƙara, kuma a 2018 babbar kotun Tokiyo ta soke umurnin saboda ba ta gamsu da hanyar gwajin jinin ba, ko da yake ba ta mayar da shi kurkuku ba. A 2020 Kotun Ƙoli ta mayar da maganar, ta ce a binciki batun launin jini da kyau. Lauyoyin gwamnati suka yi nasu gwajin na wata 14, alƙalai suka je suka gani da idonsu, sa'an nan a watan Maris 2023 kotun ta yarda a sake shari'a. Shekara tara aka ɓatar a kan ko za a buɗe ƙofa ko ba za a buɗe ba, ga mutumin da ya haura 80. Shugaban lauyoyinsa, Katsuhiko Nishijima, ya rasu a watan Janairu 2024 ana tsakiyar shari'ar. Duk da abin da ya bayyana, a watan Mayu na wannan shekara lauyoyin gwamnati suka sake roƙon kotu ta yanke wa tsohon hukuncin kisa.

Hukuncin Mai Shari'a Kunii bai tsaya ga cewa akwai shakka ba kawai. Ya ce abubuwa uku masu bincike ne suka ƙirƙiro su: takardar amsa laifin nan guda ɗaya da aka karɓa a 1968, da tufafi biyar, da ƙyallen da aka ce an samo a gidan iyayensa. Ran 8 ga Oktoba Babbar Lauyar Gwamnati, Naomi Unemoto, ta ba da sanarwar ba za su ɗaukaka ƙara ba, amma a cikin sanarwar ta nuna rashin gamsuwa da hukuncin, abin da ya fusata lauyoyin Hakamada ƙwarai. Ran 21 ga watan, shugaban 'yan sandan Shizuoka ya je har gida ya rusuna a gaban Iwao da Hideko ya nemi gafara.

A watan Maris 2025 kotu ta ba da umurnin a biya shi diyyar Yen miliyan 217, watau Yen 12,500 a kan kowace rana da ya yi a tsare, wanda shi ne iyakar abin da dokar ta yarda a biya. Game da mutum huɗun da aka kashe a Shimizu kuwa, tun da aka kama Hakamada a watan Agusta 1966 ba a gurfanar da wani mutum dabam ba, kuma wa'adin da doka ta ba da na tuhumar mai laifin ya daɗe da wucewa.