Kwallin Jarirai a Giginyu: Yadda Dalma Ta Shige Tandu

A gidajen Giginyu, kamar sauran unguwannin Kano, da wuya a yi suna ba a ga jariri da kwalli rangaɗau ba. Kaka ce ke jawo tandu, ta tsoma tsinke, ta zizara masa, a cewarta don ido ya yi haske. Da yawa sun ɗauka ismid ne, wato dutsen antimoni da malamai ke ambato. Sai dai gwaje-gwaje sun sha nuna cewa galibin kwallin dutse da ake sayarwa a Najeriya ma'adinin dalma ne.

Dalili na farko da ya sa dalma ta maye gurbin antimoni shi ne kama. Dutsen antimoni da na dalma duka baƙi-baƙi ne masu ƙyalli. In aka niƙa su, ido ba ya rarrabewa. Na biyu samuwa: ana haƙo dutsen dalma a Zurak ta Filato da Abakaliki ta Ebonyi, shi kuwa antimoni Sin ce kan gaba wajen haƙarsa. Na uku kasuwa. Masana'antu na gasa dutsen antimoni ya koma farin gari, a zuba a robobi da wayoyin lantarki don kada su yi saurin kama wuta, a kuma haɗa robar gorar ruwa da shi. Bayan da Sin ta taƙaita fitar da shi a Satumbar 2024, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Na huɗu, kwallin da ake auna wa mata a kasuwar Kurmi ba ya zuwa da takardar bayani.

Illar kan jarirai take sauka. Yaro zai murza ido, ya kai hannu baki, dalmar ta bi jini ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba zazzaɓi balle a farga. A 2011 likitocin Boston a Amurka sun gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya. Kwallin da ake sa masa kashi 82.6 cikin 100 dalma ne. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, inda gubar ta kashe yara akalla 400, ko da yake can haƙar zinariya ce sila.

Antimonin ma ba abin sa wa jinjiri ba ne. Ya kamata NAFDAC ta riƙa gwada kwallin kasuwa, ungozomai su faɗakar da masu jego. Kafin nan, iyaye mata, a bar idon jariri haka nan.