Jarumar labarinmu: mai kashewa ko mai tanadi?

In ranar rabon asusu ta ƙarato, aka ce a shirya ɗan wasan kwaikwayo don a jawo sababbin mata, labari guda muke yawan maimaitawa. Ga wata almubazzara, komai ta samu sai anko da biki, ƙarshenta kuka. Ga wata kuma ta kirki, ba ta kuskure, ba ta kwaɗayi, ƙarshenta shanu da awaki. A yi dariya, a tafa, a watse. Wa ta ga kanta a ciki? Babu.

Ku tuna Gizo. Yara ba su manta shi, domin yana da kwaɗayi, yana da dabara, kuma yakan shiga uku. Jarumar da za ta zauna a zuciyar mutane ita ma sai an ga inda take da rauni.

Mu ɗauko ta daga cikinmu. Mace ce a wajen Galmi, tana da ɗan fegin albasa. Kowane mako tana zubin dala 50 a akwatin ƙungiya mai makulli 3. Abu na farko, a ba ta buri guda wanda ake gani da ido: ragon da za ta turke ta sayar kafin Layya, don ɗiyarta ta ci gaba da lakkol.

Na biyu, a tare mata hanya, amma ban da kawo mugu. A kawo wadda take ƙauna. Aminiyarta za ta aurar da ɗiya, kuma ita ce ta kawo mata jika 10 ranar sunan autanta. In ba ta rama biki ba, da wane ido za ta dube ta? Nan ne masu kallo za su yi tsit, don kowace ta san wannan nauyin.

Na uku, a bar ta ta yi kuskure. Ta kwashe albasarta ta sayar lokacin da kowa ke cirewa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ta yi anko. Bayan ƴan watanni ta ga maƙwabciyarta ta buɗe rudu, wasu sun ruɓe, amma sauran sun yi kuɗi. To fa!

Na huɗu, zaɓin ƙarshe ya zama nata. Kada wani baƙo ya sauko daga mota ya cece ta. Ta tashi gaban ƙungiya ta nemi rance, ta faɗi abin da za ta yi da shi da ranar biya. Ta je wajen aminiyarta ta ce: "Ƴar uwa, ga abin da ƙarfina ya kai, sauran ki yi mini haƙuri." Wallahi wannan maganar ta fi ɗaukar buhu nauyi.

Kuma kada a mai da ita marowaciya. Daren da yaro ya kwana da zazzaɓi, ta kwance bakin zane ta kai shi asibiti ba ta tsaya lissafi ba. Dama don irin wannan rana ake ajiya.

Irin wannan jarumar ba mu ƙirƙira ta ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara da matan ƙauyukan jihar Maraɗi, da kuɗin da su kansu suke zubawa. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. Matan nan su ma suna da biki da suna da baƙi, sai dai sun koyi ranar da kuɗi zai fita da ranar da zai kwana.

A taronku na gaba, bayan an gama zubi, kowace ta faɗi ranar da ta fi shan wuya tsakanin kashewa da ajiyewa. Ku haɗa labarin daga nan, ku raɗa wa jarumar suna da kanku. Allah ya sa albarka a asusunmu, amin.