Zaman Yau Da Kullum Na Masu Ciwon Sukari, Da Taimakon Da Su Ke Yi Wa Juna

Duk wanda ya taɓa zuwa babban asibiti da sassafe, ranar da a ke duba masu ciwon sukari, ya ga benci cike da mutane tun kafin a buɗe ƙofa, kowa da katinsa a hannu, yawancinsu kuwa ba su karya kumallo ba, domin a auna jininsu kafin su ci abinci. Mutum ya kan yi sa'a biyu ko uku yana jiran layi, in ya shiga gaban likita da ƙyar ya yi minti goma sha biyar. A cikin jiran nan ne za ka ji wani tsohon akawu yana bayyana wa sabon shiga yadda zai rage malmalarsa, wata dattijuwa tana nuna wa 'yar'uwarta wurin da a ke soka allura a cinya, wani kuma yana faɗin kantin da magani ya fi araha. Mun sha zama a bencin nan muna sauraro, shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗan yi magana da ku a kan al'amarin, musamman ku ma'aikatan ofis da malaman makaranta.

Bari mu fara da lissafi, tun da ya ke sana'arku ce. Shekara tana da sa'a 8,760. Mai ciwon sukari da ke zuwa asibiti bayan kowane wata uku, ana duba shi minti goma sha biyar, sa'a ɗaya tak ya yi da likita a shekara. Sauran duka yana gida ne, ko ofis, ko kasuwa, ko wurin suna, shi da kwanon abincinsa da waɗanda ke kewaye da shi. Likita ya kan rubuta magani ne kurum, amma a hannun waɗannan mutane jinyar ta ke.

Asalin ciwon ba shi da wuyar ganewa. Abinci irin su tuwo da shinkafa da burodi, in ya narke a ciki, ya kan koma sukari ya shiga jini. Akwai wata tsoka a bayan tumbi wadda ke fid da wani ruwa mai suna insulin, shi ke buɗe wa sukarin hanya ya bar jini ya shiga naman jiki ya ba shi ƙarfi. In tsokar ta daina fid da shi sam, wannan shi ne iri na farko, wanda ya fi kama yara da samari, ba su da mafita sai allura kullum. In kuwa tana fitarwa amma bai isa ba, ko jiki ya daina jin sa sosai, shi ne iri na biyu, wanda ke damun fiye da tara cikin goma na masu ciwon. Alamunsa ƙishirwa, da yawan fitsari har da dare, da rama ba dalili, da kasala, da miki mai ƙin warkewa. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura kiyashi na taruwa a fitsarin masu shi, har yau ma akwai waɗanda ta nan su ke fara zargin kansu. Sai dai awon jini ne shaida: in aka auna mutum da safe bai ci kome ba, aka sami 126 ko fiye, aka sake awo wata rana aka sami haka, to, ya tabbata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ciwon sun tashi daga miliyan 108 a 1980 zuwa miliyan 422 a 2014. A 2021 tarayyar ƙungiyoyin ciwon sukari ta duniya ta ce a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara akwai manya miliyan 24 masu shi, fiye da rabinsu kuwa ba su ma sani ba. Kakanninmu sun sha tafiya da ƙafa da noma. Mu kuwa daga kujerar ofis sai babur, daga babur sai tabarmar hira, ga shayi mai kauri da lemon kwalba. Wanda ya haura arba'in, ko ya yi teɓa, ko akwai ciwon a danginsa, ya kyautu ya je a auna shi ko da yana jin garau.

Inda a ke yin gwagwarmaya ta gaske shi ne bakin akushi. A ƙasarmu ba a cin abinci a kaɗaice. Abokai su kan haɗa kwanuka a ƙofar gida, 'yan ofis su kan sa hannu a tire ɗaya, in ka je gidan suruki aka kawo fura da sukari, mayar da ita ba ƙaramin abu ba ne. Mutum nawa kunya ta sa ya shanye abin da ya san zai cuce shi? Ga kuma abokin wasa yana zolaya, wai yau ɗaya ba za ta kashe ka ba. Haƙiƙa yau ɗaya ba ta kisa, amma a garin da ba a mako ba suna ko ɗaurin aure, yau ɗayan ba ta ƙarewa. Mun lura waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka fito fili suka gaya wa abokan cin abincinsu, har ya zama abokan ne ke cewa a kawo wa Malam ruwa, a ƙara masa miya, a rage masa tuwo.

Uwargida ita ce rabin magani, amma sau da yawa ita a ke bari a gida ranar asibiti. Maigida ya je ya ji bayani ya dawo ya ce, "Likita ya hana ni shinkafa," shi ke nan. Sai ta koma tuƙa masa tuwon alkama ko na acca, malmala biyu manya, da zaton ba su da laifi. Alhali alkama da acca ma hatsi ne, su ma sukari su ke komawa. Ba a hana ba, awo a ke so. Abin da masana abinci ke koyarwa shi ne a raba faranti: rabinsa ganye, kamar zogale da rama da kabeji da kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama ko ƙwai, sauran kashin ɗaya tuwo. Zuma da dabino, duk da darajarsu, suna ɗaga sukari. In uwargidan ce mai ciwon, abin ya fi tsanani, don ita ke girki ga kowa, ba mai yi mata tukunya dabam, tafiyar rabin sa'a kuwa da a ke so a yi kwana biyar a mako ba kowace mace ke da sararin yin ta ba. Maigidan da ya raka ta asibiti, ya bar ta ta taka zuwa gidan 'yan'uwa da yamma, ya yi jinya ba kaɗan ba.

Wannan dabara ta masu ciwo su dafa wa juna ba sabuwa ba ce. An gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, ta hannun Frederick Banting da Charles Best, aka fara yi wa wani yaro allurarsa cikin Janairu 1922. A lokacin akwai wani likita Bature, R. D. Lawrence, wanda ciwon ya kama har ya fid da rai, ya koma Filorens a Italiya yana jiran ajali. A 1923 wani abokin aikinsa ya buga masa waya ya komo Landan, insulin ya samu. Ya iso a galabaice, aka yi masa, ya miƙe, ya rayu har 1968 yana duba masu irin ciwonsa. Cikin waɗanda ya ke dubawa har da shahararren marubucin nan H. G. Wells. Su biyun nan, likita mai ciwo da majinyacinsa, suka kafa ƙungiyar masu ciwon sukari ta Ingila a 1934, tana nan har yanzu. Nan kusa da mu ma an jarraba. A Yawunde ta Kamaru an zaɓi waɗansu masu ciwon da suka iya lura da kansu, aka koya musu, aka sa su riƙa taruwa da 'yan'uwansu suna ziyartarsu suna buga musu waya har wata shida. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna sukarinsu ya sauka fiye da na waɗanda aka bari da zuwa asibiti kaɗai.

Sai batun kuɗi, wanda kowane mai albashi ya san zafinsa. Ciwon nan ba ya warkewa, lallaɓa shi a ke yi, watau sayen magani ba ranar gamawa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, ga shi yawancin mutane daga aljihunsu su ke biya. Abin da kan biyo baya mun san shi: wata ya yi nisa, sai a fara tsallake ƙwaya, ko a rage allura don kwalba ta kai ranar albashi. A nan adashi, wanda matanmu suka ƙware a kai, zai yi aiki. Mutum goma a ofis ɗaya ko unguwa ɗaya in suka zuba kaɗan-kaɗan, za su iya sayen na'urar awo guda, su sayi tsinken awonta da yawa a farashin sari, su aje wani abu don ranar da ɗayansu ya gaza. Akawu ya riƙe littafi, ya rubuta awon kowa da kwanan wata, a tafi da shi gun likita. Sai dai a kiyaye: allurar da a ke huda yatsa da ita, da abin da a ke ɗana ta, da ta insulin, kowa da tasa, don cuce-cucen jini irin su ciwon hanta ta nan su ke yaɗuwa.

Masu allura suna da wata damuwar, ita ce zafi. Insulin firji ya ke so, wuta kuwa ba tabbas. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta duniya a 2000 sabo da yaɗa tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ruwa na tsanewa ciki na sanyi. Don tumatir da gauta ya yi, amma a ƙasashe masu zafi irin su Sudan an daɗe ana aje insulin a tukwanen ƙasa. A sa kwalbar cikin gwangwani mai murfi don kada ta jiƙe, a aje a inuwa. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Jeniba sun nuna cewa a irin yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, inda zafi ke kai da kawowa tsakanin 25 da 37, kwalbar da aka buɗe ta riƙe ƙarfinta mako huɗu. Abin gudu shi ne rana, da aljihun mota, da ƙanƙara.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da aka faɗa a benci gaskiya ne. A can ne kuma a ke yaɗa labarin wani mai magani da ke warkad da ciwon cikin kwana arba'in, da cewa duk abu mai ɗaci, shuwaka ko maɗaci, yana kashe zaƙin jini, da cewa wanda aka ɗora kan allura ya kusa tafiya. Ba laifi a yi miyar shuwaka. Laifin shi ne a aje maganin asibiti dominta, har sai ido ya dushe, ko ƙoda ta gaza, sa'an nan a komo. Ɗan'uwa na ƙwarai shi ne wanda ya san iyakarsa, ya ba ka abin da ya gani a jikinsa, in magana ta kai ga sauya magani ya ce mu je gun likita.

Ƙafa kuwa ta fi kome bukatar ido na biyu. Sukari in ya daɗe ya kan kashe jijiyoyinta, mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai ji ba, ko ya ƙone a kaskon wuta da hunturu, kafin a ankara ya zama gyambo, wani har a yanke. Dattijo mai raunin ido ba ya ganin tafin ƙafarsa. A sa ɗa ko jika ya riƙa dubawa kowace maraice har tsakanin yatsu, a share ruwa sarai bayan alwala, a bar yawo ba takalmi, a girgiza takalmin kafin a sa, kada kuma a bar mai yankan farce ya shiga nama.

Mun san dalilin da ke sa waɗansu ɓoyewa. Ma'aikaci na tsoron a ce ya gaza, iyayen yarinya na tsoron a rasa manemi. Amma ɓoyewar na da hatsari a take, domin mai shan magani sukarinsa kan faɗi ƙasa da 70 in ya jinkirta abinci ko ya yi aikin wahala. Sai ka ga yana rawar jiki, gumi na karyo masa, maganarsa ta sarƙe, ko ya hau faɗa ba dalili. Wanda bai sani ba sai ya ce maye ne ko iska, a tsaya neman hayaƙi. Magani kuwa yana kan teburin mai shayi: babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo, a jira minti 15, in bai dawo ba a ƙara, sa'an nan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa kome, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Malaman makaranta, in kuna da yaro mai allura a aji, ku bar shi ya fita fitsari, ya ci guzurinsa a kan lokaci, ku aje ƙwayar sukari a aljihun tebur.

Haka nan in azumi ya gabato. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, amma da yawa ba su son a gan su suna ci. Wanda ya ke so ya yi azumi ya ga likita tun wata ɗaya ko biyu kafin a ga wata, a gyara masa awon magani da lokacin shan sa, ya kuma tambayi malaminsa game da huda yatsa da rana, wanda malamai da yawa suka ce ba ya karya azumi. Ƙa'idar likitoci ita ce in awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, a sha ruwa nan take ko da saura kaɗan a kira magariba. Wanda ke zaune kusa da shi a ofis ya san wannan ƙa'ida, ya san kuma aljihun da sukarin ya ke.