Kafin a haɗa maka kwamfutar tebur, san inda kuɗinka za su tafi

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina mai neman digiri na biyu ya shigo ofishina rungume da akwatin kwamfuta, fuskarsa babu walwala. Malamin sakandare ne, kuma wata bakwai ya yi yana tsimi daga albashinsa kafin ya je kasuwa aka haɗa masa kwamfutar tebur domin aikin bincikensa. Mako shida kacal ta yi a hannunsa. Wani dare aka maido da wuta da ƙarfi, ya ji ƙara, sai ƙauri ya cika ɗakin. Abin da yake ta maimaita mini shi ne: "Malam, Core i7 ce fa, mai shagon ya ce babu kamarta."

Da muka buɗe akwatin tare da ma'aikacin ɗakin kwamfutocin sashenmu, sai muka tarar mai shagon bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba. Firosesar da ke ciki i7-3770 ce, wadda kamfanin Intel ya fitar tun 2012. Na'urar da ke rarraba wuta ga sauran sassan ba ta da sunan wani kamfani a jikinta, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Ita ce ta ƙone, ta tafi da faifan ajiyar da ke ɗauke da aikin wata uku na bayanan da ya tattaro daga ƙauyuka. Wannan asara ce ta sa na ga dacewar yin wannan rubutu, domin na san da yawa daga cikin ɗalibanmu, da masu shagunan buga takardu, da matasa masu koyon zane da tace bidiyo, suna gab da taka sawun wannan bawan Allah.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe guda ɗaya ne: kwamfuta mai biyan kuɗinta ita ce wadda aka raba kuɗin haɗa ta bisa aikin da za ta yi da yanayin da za ta zauna. Sunan da aka manna a gaban akwati ba shi da hurumi a wannan lissafi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin kayan kwamfuta yake bin dala sau da ƙafa, don haka ba zan ambaci farashi ba, domin kafin jaridar nan ta isa hannunka ya canza. Tsarin fifiko kuwa ba ya canzawa, shi zan yi magana a kai.

Mu fara da firosesa, tunda nan aka fi ruɗar mutane. Lakabin i3 da i5 da i7 matsayi ne a cikin zubi ɗaya, kamar aji a makaranta. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye. Idan ka ga 3770, zubi na uku ke nan. 8500 zubi na takwas. 12100 zubi na goma sha biyu. Firosesar i3-12100 ta 2022 tana da cibiyoyin aiki huɗu, daidai da i7-3770, amma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, saboda shekara goma na ci gaban ƙira da ke tsakaninsu. Ga kuma wani dalili: kamfanin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Windows 11 a hukumance tana buƙatar firosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Wanda ya sayi zubi na uku ko na huɗu a yau, ya sayi abin da masu shi suka riga suka juya wa baya.

A ɓangaren kamfanin AMD akwai Ryzen 5 5600G mai cibiyoyi shida, wadda ta fito a 2021, kuma tana ɗauke da sashen sarrafa hoto a cikinta. Wannan na kai mu ga kashe kuɗin da ya fi kowanne zama almubazzaranci ga yawancin mutane, wato sayen katin hoto na daban. Mai rubutu, da mai lissafin alƙaluma, da mai shagon buga takardu, duk ba su buƙatarsa. Wanda ke tace bidiyo mai nauyi ko zanen gine-gine shi ne zai amfana. Shi ɗin ma ya yi hattara da na hannu, domin bayan da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙa a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya. Sai dai a kula da wani tarko: firosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta da sashen hoto, idan babu katin ba za ta nuna komai a allo ba.

Kuɗin da aka tsira da su daga katin hoto, a kai su wurare uku. Na farko shi ne ma'adanar SSD. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake kai megabait 200 a daƙiƙa, SSD ta gama-gari tana kai kimanin 550, mai nau'in NVMe kuwa tana haura 3,000. Babu wani sashe da mai amfani zai ji bambancinsa a hannu kamar wannan, tun daga kunna kwamfuta har buɗe fayil. Gigabait 512 ya ishi yawancin mutane. Na biyu shi ne RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke shimfiɗa aikinta a kai. Gigabait 8 ta fara yin kaɗan a yau, 16 ita ce daidai, kuma gara a sayi guda biyu masu 8 maimakon guda ɗaya mai 16, domin biyun suna aiki kafaɗa da kafaɗa, musamman idan firosesa ce ke ɗauke da nauyin hoto.

Na uku, kuma wanda na fi damuwa da shi, shi ne na'urar rarraba wuta. Masu haɗa kwamfuta a nan suke rage kuɗi, saboda mai saye ba ya tambaya a kanta. A ƙasar da wuta ke zuwa ta koma sau da yawa a yini, wani lokaci da rauni, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce bolt 230 da aka tsara, ga kuma janareta, wannan na'ura ita ce mai gadin duk abin da ka saya. A nemi ta sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, wadda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja yana isa ga kwamfuta, ba ya tafiya a zafi. Kada lambar wat ta ruɗe ka. Ryzen 5 5600G wat 65 aka ƙiyasta mata, don haka na'ura mai inganci ta wat 450 ta wadatar, ta kuma fi mai iƙirarin 800 da ba a san asalinta ba. A lissafa UPS ko sitabilaiza cikin kuɗin kwamfutar tun farko. Wanda ke kan sola da inbata kuwa, ƙarancin cin wutar irin wannan haɗi riba ce ta kullum.

Babban allon da ake dasa dukkan sassan a kansa ba sai mai tsada ba, amma dole ya dace da firosesa. Ryzen 5 5600G tana zama a mazaunin AM4 ne, wanda ke amfani da RAM nau'in DDR4, ita kuwa i3-12100 mazauninta LGA1700, kuma allunansa wasu na DDR4 ne wasu na DDR5, ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. A tabbatar akwai gurbin NVMe da wurin ƙara RAM nan gaba. Akwati kuwa, fitilu masu launi ba su sanyaya komai. Da zafin bazara da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu, abin nema shi ne akwati mai shigar iska da fanka biyu da ragar tare ƙura, a kuma riƙa buɗe shi ana kakkaɓewa.

Na san wani zai ce kuɗinsa ba za su kai ga sababbin kaya ba, kuma wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Ni kaina ba na ƙin na hannu. Firosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, ana iya sayensu tsofaffi. Kwamfutocin ofis da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex masu zubi na takwas, suna biyan kuɗinsu idan aka sa musu SSD, duk da cewa yawancinsu ƙirarsu ta keɓanta, canza musu na'urar wuta yana da wuya. Abubuwa biyu ne ba zan ba da shawarar sayensu tsofaffi ba: na'urar wuta da ma'adana. A nan ne araha ba ta ado.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka nemi a kunna kwamfutar a gabanka. Manhajar CPU-Z kyauta ce, za ta nuna maka ainihin firosesa da RAM. CrystalDiskInfo za ta faɗa maka sa'o'in da ma'adana ta yi tana aiki da kuma lafiyarta. A rubuta maka cikakkiyar lambar kowane sashe a rasit, tare da wa'adin garanti. Ɗan kasuwar kirki ba zai ji haushin haka ba, kuma akwai su da yawa.

Ɗalibina ya sake komawa ƙauyukan nan ya tattaro abin da ya rasa, lamarin da ya ja masa ƙarin zango guda da kuɗin rajistarsa. Akwatin da allon kallo kawai muka ceto. Yanzu i3 ce a teburinsa, da SSD da na'urar wuta mai suna, kuma duk Juma'a yana kwafe aikinsa zuwa wata ma'adana ta waje da ya ajiye a gidan yayansa. Kwanan baya ya ce mini abokansa suna yi masa tsiya wai ya sauko daga bakwai zuwa uku. Na ce masa ya bar su, ya dai kawo mini babi na huɗu kafin ƙarshen wata.