Me Ya Sa Kujerar Firaminista Ta Daina Riƙe Mutum A Faransa?

A shekarar 2024 kaɗai, mutum huɗu ne suka riƙe muƙamin firaminista a Faransa: Élisabeth Borne, Gabriel Attal, Michel Barnier da François Bayrou. A watan Oktoban 2025 kuma Sébastien Lecornu ya ajiye aiki sa'o'i kaɗan bayan sanar da sunayen ministocinsa, daga baya Shugaba Emmanuel Macron ya sake naɗa shi.

Irin wannan ciwon ne Janar Charles de Gaulle ya so magancewa da tsarin mulkin 1958. Jamhuriya ta Huɗu da ta gabace shi ta ga gwamnatoci sama da 20 cikin shekara 12. Sabon tsarin ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa firaminista, ya hana minista haɗa muƙaminsa da kujerar majalisa, ya kuma tanadi sashe na 49.3, wanda ke ba gwamnati damar zartar da doka ba tare da ƙuri'a ba, muddin majalisa ba ta kayar da gwamnatin ba. Maganin ya yi aiki: daga 1962, lokacin da aka kayar da gwamnatin Georges Pompidou, ba a sake yin haka ba sai a Disambar 2024, da ƙuri'u 331 suka tsige Barnier.

Amma duk ginin nan kan ginshiƙi ɗaya yake tsaye, wato rinjaye a majalisa mai kujeru 577. Macron ya rasa shi a 2022. Da ya rushe majalisar a Yunin 2024, sai ta dawo kashi uku: masu ra'ayin gurguzu, 'yan tsakiya, da ɓangaren Marine Le Pen. Babu mai kujeru 289 da ake buƙata don samun rinjaye, kuma 'yan siyasar Faransa ba su saba da gwamnatin haɗaka irin ta Jamus ba. Ga bashi da ya haura Yuro tiriliyan 3. Duk firaministan da ya zo da kasafin tsuke bakin aljihu, wuyansa ya miƙa. Bayrou ya nemi rage Yuro biliyan 44 da soke ranakun hutu biyu, majalisa ta sallame shi a Satumbar 2025.

Wasu na ganin alheri a ciki, tunda majalisa ta dawo da martabarta, har ta sa aka dakatar da dokar fansho da ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Akwai gaskiya a nan. Sai dai abin da ya fi damuna shi ne ma'aikatu. Ta ilimi ta ga ministoci biyar a 2024. Yaushe minista zai san matsalar malamai, balle ya gyara ta? Kasafin 2025 ma sai a Fabrairu aka zartar da shi.

A ganina, rushe majalisar 2024 kuskuren Macron ne, amma babban laifin na jam'iyyun da suka zuba wa zaɓen shugaban ƙasa na 2027 ido suka ƙi zama teburi ɗaya ne.