Wa Zai Gaji Masu Binciken Gigin Tsufa?

A Dogon Dawa, a kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, idan tsohuwa ta fara tambayar ina mijinta da ya rasu tuntuni, ko ta ɗora tukunya ta manta har tuwo ya ƙone, sai a ce gigin tsufa ne, ta koma yarinya. Wani lokaci a ce iska ce, a nemo hayaƙi da rubutu. Da wuya a ji mai cewa ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan lalura sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma yawancinsu cutar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906 ce ke damunsu.

Abin da muka sani game da ita a Najeriya, hannu da hannu aka miƙo shi. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da Hugh Hendrie na Indianapolis suka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar Amurka, aka gano cutar ta fi yawa a Amurka. Osuntokun ya rasu a 1995, amma aikin bai bi shi kabari ba, domin ya bar almajirai. Adesola Ogunniyi ya karɓi ragama. Olusegun Baiyewu, likitan taɓin hankali a wannan ayarin, shi ne daga baya ya yi aiki da Dakta Abdulkareem Jika Yusuf a binciken tsofaffin Zariya da aka wallafa a 2011, wanda ya samu kusan mutum 3 cikin 100 na da lalurar. Kamar dai ƙira ce ko ɗori: sai ka zauna gaban mai yi.

Me ake koya a wannan zaman? Ɗauki gwajin da aka saba yi a Turai: a miƙa wa tsoho alƙalami ya zana agogo, a tambaye shi yau nawa ga wata. Dattijon da bai taɓa riƙe biro ba zai faɗi, ko da ƙwaƙwalwarsa garau take. Shi ya sa su Baiyewu suka fito da gwajin ashana. Mai gwaji zai jera tsinke huɗu a gaban tsohon, su ba da wata siffa, ya ce masa ya jera irinta, har da lura da inda kan kowane tsinke ya fuskanta. Dabara ce mai arha, amma wanda ya zauna da tsofaffin unguwa ne kaɗai zai hango ta.

A ƙasar Birnin Gwari kuwa al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya. Shekarun ta'asar 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka. Tsohon da aka kwaso daga gidan da ya san kowane lungunsa, aka ajiye shi a ɗakin aro cikin gari, zai iya kasa gane hanyar banɗaki, ya daina magana, ya ƙi abinci. Gigin tsufa ne? Ko baƙin cikin ɗa da aka kashe da shanun da aka kore? Ko kunne ne ya yi nauyi, ko zazzaɓi ya ruɗa shi? Wasu daga cikin waɗannan suna da magani, kuma rarrabe su ba a takardar tambayoyi ake koyonsa ba. Sai matashin likita ya ga yadda malaminsa ke gaisawa, ya tsawaita gaisuwar, sannan ya keɓe da surukar da ke yi wa tsohuwar wanka, don ita ta san ranar da aka fara sa zane a baibai. Kuma ba za ta faɗa a gaban maigida ba.

A ganina nan giɓinmu yake. Manyan malaman fannin 'yan kaɗan ne, ga koyarwa ga asibiti, kuma matashin da ya fara gogewa sai Ingila ko Saudiyya ta ɗauke shi. Ban ga laifinsa ba, albashi ba ya kai wata. Amma akwai masu waiwayowa. Dakta Mahmoud Bukar Maina, wanda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex, ya assasa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, inda ake horar da matasa aikin ɗakin gwaje-gwaje da na'urorin da a da sai an tsallaka teku ake taɓa su.

Sai dai na'ura ba ta zuwa Dogon Dawa. Wanda zai je shi ne ɗan garin da ke karatun likitanci a Shika, ko malamar asibitin da ta san cewa idan ana son gwada tunanin tsohuwa, gara a tambaye ta yaushe kasuwa ke ci, wane wata muke ciki, na Azumi ko na Layya, da sunayen jikokinta bi da bi.