Iskar da Ba a Ƙirga Ba: Dalilin Mutuwar Mota Bayan An Taɓa Hanyar Iskarta

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa, masu mota suka shiga neman dabarun rage shan mai. A hanyar Kunya zuwa Ɓaɓura, wadda ta ratsa Kanya Babba, motocin Kwatano ne ke ɗaukar fasinja da kayan gona, kuma kowane direba yana da shawarar da ya ji a tasha. Ɗaya daga ciki ita ce a cire akwatin filtar iska a ɗaura buɗaɗɗiyar filta, ko a sauya tiyon iska da wani mai faɗi, wai don injin ya sarara. Sai a wayi gari mota tana mutuwa da zarar an ɗaga ƙafa daga totur.

Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. A zamanin kafireta, bakanike ne ke daidaita wannan da sukundireba da kunnensa. Motocin injekta kuwa kwamfuta ce ke lissafi. A yawancinsu akwai sansa a bayan filta, mai siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa. Gwargwadon yadda iska ke sanyaya wayar, haka kwamfuta ke gane yawan iskar, ta saki man da ya dace. Duk iskar da ta kutsa ta bayan wannan sansa ba ta cikin lissafi. A guje ba a cika jin matsalar ba, domin iskar da ke wucewa tana da yawa. A silo kuwa injin ɗan kaɗan yake shaƙa, don haka ƙaramar kafa ta isa ta sa mai ya gaza, mota ta yi rawa ta mutu.

Bincike daga mai araha ake farawa. A duba ko an mayar da soket ɗin sansa, ko kuma an juya ta baibai, domin galibi akwai kibiya a jikinta mai nuna inda iska ke nufa. A bi kowane mahaɗi daga sansa zuwa bakin totur, a matse abin ɗauri, a saurari ƙarar zuƙar iska. Kada a manta da ƙananan tiyo da ke shiga babban, musamman wanda ya fito daga murfin inji. Barin bakinsa a buɗe ya isa ya kashe mota. Idan filtar mai maiƙo ce, maiƙon kan lulluɓe wayar sansa. A wanke wayar da maganin feshin da aka yi dominta, ba da fetur ko tsumma ba. In bututun da sansa ke ciki ya fi na asali faɗi, iska na tafiya a hankali a kan wayar, sai sansa ta ƙirga ƙasa da abin da ya shiga. Wannan ba ya gyaruwa da wanki.

Motocin Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket na na'urar bincike. Lamba P0171 a na'urar tana nufin mai ya yi ƙaranci, P0101 kuma lissafin sansar iska ne ya kauce. Kuɗin duba wannan a Kazaure ko Kano bai kai na famfon mai da fulogogi da ake saye a kasuwar Ƙofar Ruwa bisa zato ba.

Ko an shawo kan mutuwar, da sauran rina a kaba. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, haɗe da ta hanyoyin ƙauyukan Roni da Gwiwa, tana cinye zobban fistin idan filta ba ta tare ta ba. Buɗaɗɗiyar filta kuma zafin inji take shaƙa, ga kwamfuta tana riƙe da ma'auninta, don haka man da aka so ragewa bai ragu ba. Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a mayar da akwatin asali da sabuwar filta. Idan silo ya zauna, an gano mai laifi; wanda kuma ya zubar da akwatinsa, sai ya nemi na irin motarsa kafin ya kashe ko kwabo kan wani gyara.